Amsoshin Tambayoyinku: Tayil Mai Santsi a Wurin Alwala, Wa Za Mu Kai wa Kuka?

Tambaya: Ni mutumin Tudun Wada ne. Bara wani bawan Allah ya ɗauki nauyin gyara masallacin unguwarmu, aka shimfiɗa tayil mai ƙyalli tun daga baranda har wurin alwala. A daminar nan mahaifina, wanda ya haura shekara 70, ya zame da asuba ya karye a ƙugu. Kafin shi ma mutum biyu sun faɗi, su dai Allah ya taƙaita. Da na yi magana sai aka ce mini tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Shin akwai dokar da ta hana irin wannan daɓe a wurin jama'a? Kuma wa za mu kai wa kuka?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Kafin a je ga doka, in har yanzu a gida yake ana masa ɗori, don Allah ku kai shi a ɗauki hoton ƙashi. Karayar ƙugu ga dattijo sau da yawa sai an yi aiki, kuma doguwar kwanciya na jawo gyambo a baya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa. Babban asibitin da ke kusa da ku zai iya tura ku Asibitin Ƙashi na Dala.

Doka kuwa akwai ta, sai dai ƙafarta gajera ce. A 2006 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, wanda ya tsara yadda ya kamata a zana gini, a gina shi, a kuma kula da shi. Amma tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka kundin ba ya cizo sai jiha ta ɗauke shi ta mai da shi dokarta, ta kuma sa ma'aikatan da za su bi sawu. A Kano hukumar KNUPDA ce ke duba zanen gini ta ba da izini, kuma a birni da kewayensa aka fi jin motsinta. Can ɗin ma hankali ya fi karkata ga benen da zai rufta, irin wanda ya rushe a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana tsakiyar gina shi. Masallacin unguwa a Tudun Wada ko Kiru, yawanci daga kwamiti sai birkila sai mai tayil, ba wanda ya ga zane balle ya tambayi irin daɓen.

Dokar da ta fi kusa da matsalarku ita ce ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu yadda mai keken guragu da makaho za su shiga lafiya, wa'adin ya cika a Janairun 2024. To, ka duba yadda ake cika ta a wurare da dama: a yi gangara a bakin ƙofa, mai tsayuwa sosai, sannan a lulluɓe ta da tayil mai sulɓi don ta dace da sauran ginin. Wannan ta fi matakala haɗari. Ƙa'idar da aka sani a duniya ita ce duk tsayin taku 1 a ba shi tsawon taku 12, da ƙarfen dafawa a gefe.

Batun tsautsayi, ba mai musun ƙaddara. Amma wurin da ya kayar da mutum uku a shekara guda ya riga ya faɗi halinsa. Malaman fikihunmu ma sun daɗe da bayyana cewa wanda ya haƙa rami ko ya ajiye abin cutarwa a hanyar jama'a, inda ba shi da hurumi, shi zai ɗauki nauyin ɓarnar da ta biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne faɗuwa ke kashewa duk shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura 60 abin ya fi shafa. Cikin haɗurra, na mota ne kawai ya fi ta kisa.

A ganina kuskuren tun a shagon mai tayil ake yin sa. Mai kyauta yana son aikinsa ya ɗauki ido, sai a zaɓi wanda ya fi sheƙi, a shafa shi da busasshen hannu a ce ya yi. Alhali wurin alwala ba ya bushewa tun daga asuba har isha'i. Ruwa ya kwanta a kan tayil mai gilashi, tafin ƙafa ko tsohon silifas da ƙasansa ya cinye ba ya taɓa daɓen ma, a kan ruwan yake tafiya. Ga gansakuka da ke fitowa a gindin famfo da bakin kwata, musamman a wajenku, tun daga Bebeji da Kiru har Doguwa da duwatsun Riruwai, inda damina ta fi ta arewacin jihar nauyi. Ga masu shara da ke zuba omo su goge ba su ɗauraye ba, sai ya bushe ya bar sulɓi yana jiran ɗigon farko. Ko a hunturu ba a tsira ba, ƙurar da ke sauka a kan tayil mai sheƙi ita ma tana kwashe ƙafa.

Masu yin tayil sun san da wannan, har ma'auni gare su. A wasu kwalaye za ka ga R9 zuwa R13, gwaji ne da aka faro a Jamus, inda mutum ke taka tayil da aka zuba wa mai ana ƙara karkata shi har ya zame. R9 na cikin ɗaki ne busasshe. Baranda da ruwan sama ke bugu tana son R11 ko sama. Wurin da ake takawa ba takalmi kuma da A, B, C ake auna shi, C ya fi riƙe ƙafa, shi ya dace da wurin alwala. Ba kowane kwali ke ɗauke da alamar ba. In babu, ku ɗauki guda ɗaya ku ajiye a ƙasa, ku zuba masa ruwan buta, mutum ya dafa bango ya murza tafin ƙafarsa a kai. In mai shago ya ƙi a gwada, ku ƙara gaba. Ni dai da a tambaye ni, daɓen siminti da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye ya fi kowane tayil mai ƙyalli a wurin ruwa, ga shi da araha, illarsa kawai ba ya kyau a hoto.

Wanda aka riga aka shimfiɗa fa? Na wurin alwala da na matakala a ɓamɓare shi, ba wani yawa gare shi ba. Da za a sake, mai aiki ya ba daɓen gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa makwarari, ku tsaya a kansa ya zuba bokitin ruwa ku ga inda ya nufa kafin ku biya shi. Kafin kuɗi su samu, a shimfiɗa tabarmar roba mai huji, ba kwali ko tsohon buhu ba, don su ma tafiya suke da mutum. A kafa ƙarfen dafawa, a yi wa dattawa dakalin zama, a sa fitila mai sola, tunda yawancin irin wannan faɗuwa a duhun asuba take.

Kukan kuma daga gida za ku fara. Ka samu liman da kwamiti cikin ladabi, ka lissafa musu waɗanda suka faɗi, kuma kada maganar ta zama kamar ana zargin wanda ya yi sadakar, don da kyakkyawar niyya ya yi. In an yi biris, sai mai unguwa da dagaci, sannan duba-gari da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a rubuce, ka riƙe kwafi. Da a asibiti, makaranta, banki ko ɗakin taro abin ya faru, masu wurin za a rubuta wa, kuma lauya zai iya duba ko akwai sakacin da za a nemi diyya a kansa. Ka ɗauki hoton wurin yana jiƙe, ka adana takardun asibitin Baba. Malam, kada ku bari wata Juma'ar ta zagayo ba a shimfiɗa ko da tabarmar robar ba.