Haɗarin Farfelar Jirgin Sama a Ƙasa

Farfela ita ke tura iska baya domin jirgi ya yi gaba. To, amma idan jirgin yana ƙasa, tana iya sare hannun mutum, ko ta hallaka shi nan take. Me ya sa?

Mu ɗauki farfela mai tsawon mita 2, wadda ke juyi 2,400 a minti ɗaya, wato 40 a daƙiƙa. A kowane juyi bakinta kan zagaya kimanin mita 6.3, ke nan yana gudun kusan kilomita 900 a awa. A irin wannan gudu ido ba ya ganinta sosai, ƙarar inji kuma takan danne kiran gargaɗi.

Farfelar da ke tsaye ma ba abar amincewa ba ce. Injin ƙananan jirage yana samun tartsatsinsa daga maganeto, ba daga batir ba. Idan wayar kashe maganeton ta tsinke, murza farfela da hannu kan iya tayar da injin.

Don haka kada a taɓa ta, kada kuma a kusanci jirgi muddin jar fitilarsa tana walƙiya.

Aiki: lissafa gudun bakin wannan farfela idan tana juyi 600 a minti.