Ma'aunin Ɗagin Inji a Jirgin Ruwa: Yadda A Ke Gano Lahaninsa

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacalla ta yaɗu a fadamun Kogin Haɗeja, musamman wajen Guri da Kirikasamma, laka kuma ta cike hanyoyin ruwa. In ambaliya ta zo, kamar ta 2020 da ta 2022, akwai ƙauyukan da ba a isa gare su sai da jirgi. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san lafiyar jirage masu inji da ke gundumarsu.

Wasu injuna suna da ma'auni mai allura a gaban matuƙi, wanda ke nuna ko an ɗaga injin ko an sauke shi. In ya yi ƙarya, matuƙi ya kan zaci farfela tana sama, alhali tana haƙar laka ko tana naɗe kacalla, har ta karye a tsakiyar ruwa da jirgi cike da mutane.

Abu uku ke aiki tare: ma'aunin, da waya, da wata ƙaramar na'ura a gindin injin wadda ke aika labari. Ga yadda a ke bincike, jirgi yana ɗaure a gaɓa:

1. A murɗa mabuɗi, a ɗaga injin, a sauke, ana duban allura.

2. In ba ta motsa ba, a duba batir da fis, a tabbata wutar bolt 12 tana isowa.

3. In tana rawa, a bi waya tun daga gindin inji. Galibi tsatsa ce ko sakin noti. A kankare, a ɗaure.

4. In ba a dace ba, a cire wayar na'urar daga bayan ma'aunin, a ɗan taɓa gurbinta da ƙarfen da wayar ƙasa ke ɗaure, da guntun waya. In allura ta ruga daga wannan gefe zuwa wancan, ma'aunin lafiya lau ya ke, lahani yana ga waya ko na'urar. In ta tsaya cik, a sake ma'auni.

5. In tana tafiya amma ba daidai ba, watau na'urar ta goce. A sauke injin ƙasa sarai, a sassauta sukurorinta, a juya ta har allura ta nuna ƙasa, sa'an nan a ɗaure.

Kafin a sami gyara, matuƙi ya dogara ga idonsa. In goshin jirgi yana tsalle, injin ya cika ɗaguwa. In yana nitsewa, ya cika sauka. A wurin da ba zurfi a rage gudu.

Malamin hakimi ya rubuta ranar dubawa da abin da aka gyara a littafi, Sarkin Ruwa ya shaida. Lokacin yin wannan kuwa shi ne watan Yuni, tun kogi bai kawo ba.