Kuskuren Ma'aikata ko Lahanin Hannu? Shawara ga Masu Tara Sulalla

Duk mai tara tsofaffin sulalla da ya ci karo da kwabo mai siffa daban, tambayarsa ta farko ita ce: a ma'aikatar buga kuɗi abin ya faru, ko bayan kwabon ya shiga hannun jama'a? Kuskuren ma'aikata yana ɗaga farashi, lahanin hannu kuwa karya shi yake yi.

A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe domin tanadin jan ƙarfe. 'Yan kaɗan suka fito da tagulla bisa kuskure, yau kuma tsadarsu sai mai hali. Shi ya sa 'yan damfara ke shafa wa na baƙin ƙarfen ruwan jan ƙarfe. Maganaɗisu ke tona asirinsu, domin na jabu yana mannewa, na gaske ba ya mannewa. Sikeli ma shaida ne: na tagulla giram 3.11 ne, na baƙin ƙarfe 2.7.

Kwabon da ya fito daga ma'aikata da gutsurarren gefe yakan nuna dusasshen baki a ɓangaren da ke daura da gutsurin. Wanda aka yanke da almakashi ko zarto kuwa yana barin kaifi da ƙarce.

Mai tarawa ya guji wanke kwabo ko goge shi, domin hakan ma lahani ne. Kwabon da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje, a tura shi ga kamfanonin tantancewa irin su PCGS ko NGC kafin a yi ciniki.