Yadda Ake Cika Sharaɓar Ƙafa da Tiyata

Cikin masu kwanciya a gadon wannan aiki akwai mutum biyu: mai ɗaga ƙarfe da sharaɓarsa ta ƙi girma, da wanda shan inna ta tsotse masa ƙafa guda tun yana yaro. Na biyun ya fi taɓa ni. An tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a 2020, amma waɗanda ta shanye suna nan cikinmu, wasu ba sa yarda a ga ƙaurinsu.

Awo da shafa magani ba su da wani labari. A kwantar da mutum rub da ciki, a sa shi barci, likita ya tsaga layin da ke bayan gwiwa, kamar santimita 4, don tabon ya ɓuya a lanƙwasa.

Sai a zo ga aljihun da za a sa silikon a ciki, inda ake gane gwani. Tsokar sharaɓa tana lulluɓe da wani farin tantani mai tauri. A ƙarƙashinsa likita zai tura dogon ƙarfe marar kaifi, yana raba tantani da tsoka har ƙasa, ido ba ya gani, hannu ne ke ji. Ya kauce wa tsakiya, domin nan jijiyar da ke kai ji gefen sawu ta bi, tare da jijiyar jini. Aljihu ya yi faɗi, silikon ɗin ya riƙa yawo. Ya yi matsi, kumburi ya shaƙe tsoka, jini ya kasa gudu, kuma in ba a buɗe cikin sa'o'i ba tsokar mutuwa take yi. Ƙafar shan inna ta fi wuya, fatarta ba ta miƙewa. Shi ya sa tsofaffin hannu ke zaɓar ƙaramin silikon, ko su raba aikin gida biyu. Yadda suke tsayawa su matsa fatar da yatsa kafin su ƙara ko taƙi ɗaya, abin kallo ne.

Daga nan a zura silikon, a ɗinke tantani, a ɗinke fata, a naɗe. Daren farko ma'aikatan jinya ne ke da aikin: taɓa yatsun ƙafa, tambayar ko zafin ya wuce kima. Tafiya kaɗan-kaɗan, motsa jiki mai nauyi sai bayan kamar mako 6.

Siffa kawai silikon ke gyarawa. Wanda ya shigo yana ɗingishi, da ɗingishinsa zai fita, kuma likitan kirki yakan faɗa masa haka tun kafin a sa hannu a takarda.