Man Giyar Baya: Yadda Ake Kula da Babur Mai Farfela

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya tsaya a Ƙofar Mata ko bakin Kasuwar Kurmi zai ga babura iri-iri. Mafi yawansu sarƙa ce ke juya tayarsu ta baya. Amma akwai waɗanda ba su da sarƙa, sai wata sandar ƙarfe da makanikai ke kira farfela. Kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya fito da babur ɗinsa na farko, R32, da irin wannan tsari a shekarar 1923, Honda kuma ta yi amfani da shi a babur ɗinta Gold Wing a 1975. A Kano an fi ganinsa a jikin babura masu ƙafa uku na dakon kaya, waɗanda ke kai buhuna da ruwan leda unguwannin cikin birni. Wannan darasi zai bayyana yadda wannan sashe yake aiki, da abin da yake bukata don ya daɗe.

Yadda Yake Aiki

Farfela tana kwance ne daga inji zuwa baya, alhali kuwa gindin taya a gicciye yake. Saboda haka dole a karkatar da juyin da digiri 90. Giya biyu masu haƙora a karkace ne ke wannan aiki, ƙarama a bakin farfela, babba a jikin taya, suna rufe cikin gida guda tare da boris da mai. Da yake ƙaramar tana juyi da yawa kafin babbar ta yi ɗaya, gudun juyi yana raguwa, ƙarfin ja kuma yana ƙaruwa.

Amfanin Mai

Ɗalibi ya goga tafin hannuwansa da ƙarfi, zai ji zafi. Ya shafa man gyaɗa ya sake gogawa, zai ji santsi, zafin kuma ya ragu. Wannan ita ce gogayya, haka kuma take tsakanin haƙoran giya, sai dai a can nauyin babur da kayansa yana taruwa a ɗan wuri ƙanƙane. Idan babu mai a tsakani, ƙarfe zai ci ƙarfe har haƙoran su ɓare.

Ba kowane mai ne ya dace ba. Yawanci ana zuba man giya mai alamar GL-5, mai kaurin 80W-90 ko 75W-90. A cikinsa akwai sinadaran farar wuta da fosfaras, waɗanda ke yi wa ƙarfe wata siririyar riga idan matsi da zafi suka tsananta. Su ne ke ba shi warin nan mai ƙarfi. Baƙin man inji ba shi da isasshen wannan kariya, balle tsohon da aka juye daga wani inji.

Abokan Gabar Mai a Kano

Yanayinmu yana da abubuwa uku masu lalata mai. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana tsinka shi. Ƙurar hunturu tana toshe ɗan bututun da gidan giya ke shaƙar iska ta cikinsa, sai matsi ya taru ya tura mai ta bakin robar da ke tare shi. Da damina kuwa, idan aka kutsa cikin ruwan da ke kwanciya a lunguna, gidan giya mai zafi yakan huce farat ɗaya ya zuƙi ruwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka roba take idan ta tsufa.

Matakan Canja Mai

1. A ɗan zaga da babur don man ya yi ɗumi, sannan a tsayar da shi daidai a shimfiɗaɗɗen wuri.
2. A goge ƙura, a fara kwance notin sama na zuba mai. Idan aka fara juye man, notin sama kuma ya ƙi kwantuwa, an shiga uku.
3. A kwance notin ƙasa, a tari man a kwano. A duba maganaɗisun da ke bakin notin, in yana da shi. Garin ƙarfe mai laushi ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashi alamar haƙori ko boris ya fara ci ne. Mai da ya koma kamar madara, ruwa ne ya shiga.
4. A mayar da noti da sabon wasa, a ɗaure ba da wuce kima ba.
5. A zuba adadin da littafin babur ya faɗa. A yawancin manyan babura masu ƙafa biyu bai kai rubu'in lita ba. Cika shi fiye da kima yana jawo zafi da yoyo.

Tsakanin canji da canji a bi lissafin kilomita na littafin, amma yana da kyau a duba man duk ƙarshen damina. Haka kuma duk sa'ad da aka cire taya, a shafa giris a ƙananan haƙoran da ke haɗa ta da giya.

Kammalawa

Kukan da ke tashi daga baya idan an taka, ko danshin mai a jikin taya, gargaɗi ne. Mai idan ya taɓa birki, birki ba ya kamawa, a titi mai cunkoso kuwa wannan batun rai ne. Ga mai dako kuma, kuɗin man giya bai kai na sabuwar giya da zaman kwanaki babu aiki ba. Tsohon mai kada a zuba shi a kwata, domin kwatocin cikin birni da yawa Jakara suke faɗawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake bukatar giya mai karkatar da juyi a babur mai farfela?
2. Idan ƙaramar giya tana da haƙora 11, babba 33, sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya?
3. Kawo dalilai biyu da ke sa ruwa shiga gidan giya.