Zaɓen murhu kafin hunturu ya kankama



Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta sauko daga arewa, dare a Dapaong da Sokode kan yi sanyi har ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 20. A lokacin ne ake jawo wuta daga tsakar gida a shigar da ita ɗaki, a toshe taga da tsumma saboda ƙura. A lokacin ne kuma mu ma'aikatan lafiya na unguwa muke yawan ganin yara masu tari da sarƙewar numfashi, da waɗanda wuta ta ƙona. Ko gidan da ke girki da gas yana da murhun ko-ta-kwana a lungu, domin ranar da gas ya ƙare kuɗin sake cikawa bai samu ba. Saboda haka zancen murhu ya shafi kowa.

Idan kuka je wurin maƙeri, kun saba tambayar nawa ne, kuma yana cin itace ko ba ya ci. Tambayoyi ne masu kyau. Amma wadda nake so ku fara yi wa kanku ita ce: idan na hura shi, ina hayaƙin zai bi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya, daga cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ke uwargida mai tsugunawa gaban tukunya, da jaririn da ke goye a bayanki, ku ne kuka fi kowa shaƙarsa.

Murhun duwatsu uku ba ya cin ko dala, kuma kowace tukunya tana zama a kansa. Aibinsa ɓarna: daga cikin zafin da itace ke bayarwa, abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, sauran iska ce ke kwashewa. Ingantaccen murhu yana killace wutar ne, ya tilasta mata lasar gindin tukunya da gefenta. Iri biyu kuka fi samu. Akwai na ƙasa, wanda ake ginawa a wuri ɗaya da yumɓu ko ƙasar suri haɗe da ciyawa. Ya dace da gida mai yawan baki da girki mai daɗewa, kamar dahuwar wake ko tuwon gayya. Sai dai a bar shi ya bushe sarai kafin a hura, a yi masa rumfa saboda damina, a riƙa liƙe tsagarsa. Akwai kuma na ƙarfe mai ɗaukuwa, irin wanda aka yaɗa a Nijar da sunan Mai Sauƙi, da na gawayi mai yumɓu a ciki, wanda ya samo asali daga Kenya kuma ake sayarwa a Gana da sunan Gyapa. Mai tuyar ƙosai da mai koko, da duk wadda ke ɗaukar murhunta zuwa kasuwa, wannan ne nata.

Ki tafi sayen murhu da tukunyarki a hannu. Ki ɗora ta ki gani: ta nutse a ciki, kuma ratar da ke tsakaninta da bangon murhun kada ta wuce kaurin ɗan yatsa. Idan ratar ta yi faɗi zafi zai tsere, idan ta toshe wuta za ta shaƙe ta yi ta hayaƙi. Ki girgiza tukunyar kamar kina tuƙa tuwo. Murhun da ke rawa a gaban maƙeri zai kifar da tafasasshen ruwa a gaban yaro. Ki duba ko iska na da hanyar shiga ta ƙarƙashin itacen. Idan mai yumɓu ne, ki ƙwanƙwasa shi: wanda ya gasu da kyau yana ƙara, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Ƙarfen da ɗan yatsa ke iya lanƙwasawa ba zai daɗe ba, komai arharsa.

Yanzu ga gaskiyar da mai talla ba zai gaya muku ba. Murhu ya rage cin itace, ba shi ke nuna ya raba ku da hayaƙi ba. A ƙasar Malawi an raba wa gidaje murhu na zamani marar bututu, aka bi lafiyar yara fiye da 10,000, kuma sakamakon da ya fito a ƙarshen 2016 ya nuna ciwon haƙarƙari bai ragu a cikinsu ba. A Gwatemala kuwa, inda aka gwada murhu mai bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi, binciken da aka buga a 2011 ya nuna mai tsananin ciwon ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A ganina darasin a fili yake. Idan girkinku a cikin ɗaki ne, ku nemi mai bututu, bututun ya zarce rufi, ku riƙa kakkaɓe baƙin da ke taruwa a cikinsa. Idan babu halin haka, ku fitar da murhun ƙarƙashin rumfar da iska ke ratsawa. Madafa mai ƙofa ɗaya, wadda bangonta ya yi baƙi ƙirin, tana nuna muku abin da huhun mai girkin ke sha.

Batun jin ɗumi kuwa, a nan nake so ku fi natsuwa. Murhun girki mai kyau an yi shi ne don ya tura zafi cikin tukunya, saboda haka ba ya ɗumama ɗaki sosai. Irin wanda ake ɗumama gida da shi a ƙasashen Turai rufaffen ƙarfe ne mai bututu, hayaƙinsa ba ya taɓa iskar ɗakin. Mu kuwa abin da muka saba shi ne mu kwashi garwashi a kasko ko kurfoti mu kai ɗakin kwana, muna cewa ai hayaƙin ya ƙare. Hayaƙin da ido ke gani ne ya ƙare. Gawayi mai ci yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita ke kama shi sau ɗari biyu da ɗoriya. Mai barci ba ya jin shigarta.

Wani hunturu an kira ni da asuba wani gida a nan Kpangalam. Mai jego da mahaifiyarta da wata yarinya duk sun tashi da ciwon kai, da jiri, da amai, maigidan har ya aika a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro. Ko ɗaya jikinta babu zafi. Da na leƙa ƙarƙashin gado sai ga kaskon gawayi, taga kuma a toshe. Allah ya kiyaye, ƙofar ba ta rufuwa sosai. Ku riƙe wannan alama: idan mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kuma suka ji sauƙi da fitowa waje, ku tuhumi wutar. Ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da kowa, sa'an nan ku kai su asibiti ko da sun ce sun warware, musamman mai ciki da jariri. Wanda ya suma, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi. Sokode da Dapaong duk suna da babban asibiti.

Ku sha ɗumin wuta a waje ko a bakin ƙofa a buɗe, ku kashe ta da ruwa kafin ku kwanta. Cikin ɗaki kuwa bargo ne da hula da safa. Jariri ba shi da abin ɗumi da ya kai ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare, kansa da hula.

Itacen ma yana da nasa hukunci. Ɗanye kusan rabinsa ruwa ne, wutar za ta ɓata ƙarfinta wajen busar da shi, ku kuwa ku sha hayaƙi. Ku faskara shi ƙanana, ku jera a inda rana ke bugu, ku riƙa sa biyu ko uku a lokaci guda. Kada ku hura wuta da leda ko roba, kada ku ƙona katako mai fenti. Kai mai sarin itace da gawayi, kaɗanya da ɗorawa sun fi amfani a tsaye.

Idan yaro ya ƙone, ku yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Idan kuma tari ya kama shi, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu, 60 ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In ya kai haka, ko kuka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ku kawo shi a ranar, kada ku jira kasuwa ta tashi.