Kiwon lafiya: hasken da ke ƙona idon yaro

Darasinmu na yau a kan ido yake.

A kasuwanni ana sayar da wata ƴar tocila mai kama da alƙalami. Sunanta lazer. In an latsa ta, sai ta jefa ɗigon haske ja ko kore can nesa a kan bango. Yara suna sonta ƙwarai. Suna haska wa juna a fuska, suna dariya. Wannan wasa yana iya ɓata idon yaro har tsufansa.

Yaya take ƙona ido?

Hasken fitila bazuwa yake yi cikin ɗaki. Hasken lazer ba ya bazuwa. Wuri ɗaya yake nufa, kamar kibiya. Kun taɓa ganin yaro ya ɗauki tabarau na kakansa, ya tara hasken rana a kan takarda har ta yi hayaƙi? To, cikin idonmu ma akwai irin wannan gilashi. Shi ne ke tara haske, ya kai shi can ƙuryar ido, a kan wata siririyar fata wadda da ita muke gani. In hasken lazer ya sauka a kanta, cikin ƴan daƙiƙoƙi yana iya ƙona ta. Wannan fata ba ta jin zafi. Shi ya sa yaro ba ya kuka, uwa kuma ba ta sani ba.

Da yawa cikin tocilolin nan masu araha sun fi ƙarfin da aka rubuta a jikinsu. Kada mu yarda da rubutun.

Yaya za mu gane?

Yaro yana ganin baƙin tabo a tsakiyar abin da yake kallo. Layi miƙaƙƙe yana zame masa karkatacce. A lakkwal ba ya iya karanta allo. Mu sa ya rufe ido ɗaya da hannu, ya dubi fuskarmu, sannan ya rufe ɗayan. Mu tambaye shi da lallashi. Yaron da ke tsoron duka ba ya faɗin gaskiya.

Sauran haske mai cutarwa

Rana ma tana ƙona ido kamar lazer. A ranar 29 ga Maris 2006 an yi husufin rana a ƙasarmu, duhu ya rufe wasu garuruwa da hantsi. A irin wannan rana yara suna ɗaga kai su kalli sama. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya kare su.

Wutar mai walda kuma tana ƙona gaban ido. Zafinta ba ya zuwa nan take. Sai da dare yaro ya tashi yana hawaye, kamar an zuba masa yashi a ido.

Me ya kamata mu yi?

1. Kada mu saya wa yaro lazer. In mun gan ta a hannunsa, mu karɓe, mu cire mata pil.
2. Kada yara su yi gasar kallon rana.
3. Kada su tsaya kallo a wurin walda.
4. Kada mu ɗiga nono, ko ruwan ganye, ko tozali a idon da ya cutu.
5. Mu kai yaro likita ba tare da ɓata lokaci ba, a tura mu wurin mai duba ido.

Tabon da lazer ta bari a ƙuryar ido, wani lokaci ba ya gushewa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa yaro ba ya jin zafi in lazer ta ƙona masa ido?
2. Waɗanne alamu ne za mu duba?
3. Ana sayar da lazer a kasuwarku? Me za ku gaya wa mai sayarwa?